Ganin silin Tiepolo da ɗan jagora a Würzburg: kuɗina bai tafi a banza ba

Mai niyyar shiga fadar Würzburg a Jamus, shawarata ita ce ya biya kuɗin ɗan jagora. Ta intanet na yi rajista da wani kamfanin yawon buɗe ido, suka haɗa mu da wata dattijuwa mai bayani da Turanci.

Tun a gindin matakala ta hana mu sauri. Ta ce Giambattista Tiepolo, mai zane ɗan Italiya, ya tsara zanen da ke silin matakalar, mai nuna nahiyoyi huɗu a siffar mata, don mai hawa ne, ba don mai tsaye wuri ɗaya ba. Haka kuwa abin yake. Kana fara hawa nahiyar Amurka ce a gabanka, mace bisa kada. Sai ka juya a tsakiyar matakala sannan Turai ta bayyana, Afirka da Asiya na gefe da gefe. Silin ya kai wajen mita 18 a faɗi, 30 a tsawo, kuma babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Aikin magini Balthasar Neumann ne, wanda Tiepolo ya zana shi zaune kan igwa. A wani lungu kuma ga fuskar Tiepolo da ta ɗansa Domenico. Da ni kaɗai ne, wallahi da na wuce su ban sani ba.

Tarihin Tiepolo ma ta kawo shi daki-daki. A Venice aka haife shi a 1696, ya auri Cecilia, 'yar'uwar masu zanen nan 'yan gidan Guardi. A 1750 ya zo Würzburg da 'ya'yansa biyu, ya gama a 1753. Daga baya Sarki Carlos na III na Spain ya kira shi, ya tafi Madrid a 1762, can ya rasu a 1770. Bayanin da ya fi shiga raina shi ne na yadda ake aikin: a kan ɗanyen shafe ake sa launi, don haka iya abin da za a zana a yini ake shafewa, kamar yadda maginanmu ke fitar da ado tun laka ba ta bushe ba. Ruwan bama-baman 16 ga Maris 1945 ya ƙone yawancin fadar, amma silin nan ya tsira.

Inda raina ya sosu, ɓangaren Afirka ne. Baƙar mace ce bisa raƙumi, ga fatake, ga hauren giwa, ga jimina. Na so a tsaya a yi magana kan yadda Baturen wancan zamani ke kallon nahiyarmu a matsayin rumbun haja, amma jimla biyu ta yi ta wuce. Kamfanin kuma ya cusa mu da yawa, na baya ba sa ji sosai.

Duk da haka zan sake biya. Ku nemi rukunin safe, ku tafi da ƙaramin madubin hangen nesa, don fuskokin suna can sama ƙwarai.