Line of Duty: kashi 35 na jin daɗi, kashi ɗaya na takaici

Duk wanda bai gama kallon shirin nan ba ya dakata da karatu a nan, domin zan faɗi ƙarshensa, kuma ƙarshen ne ma ya sa na zauna rubutu.

Ƙanina ne ya dame ni da maganar Line of Duty har na fara. Ya ce, "Yaya, wallahi idan ka kalli kashi biyu ba za ka iya ajiyewa ba." Gaskiyarsa. Cikin mako uku na cinye zango shida, kashi 36, yawanci bayan sallar isha'i har ƙarfe ɗayan dare, da safe in tafi aiki ido jawur. Shirin BBC ne, Jed Mercurio ya rubuta, an fara haska shi a 2012, zango na shida ya fito a 2021. Labarin wani sashe ne da ake kira AC-12, 'yan sanda masu farautar baragurbin 'yan sanda, su uku ne ginshiƙai: Sufuritanda Ted Hastings da yaransa biyu, Steve Arnott da Kate Fleming.

Abin da ya fara kama ni shi ne ɗakin tambayoyi. Tebur ne kawai da kofunan ruwa da manyan fayiloli, sai rikoda ta yi wannan doguwar ƙara kafin a fara. Ana iya shafe fiye da minti 20 babu harbi, babu tseren mota, mutane ne zaune suna magana, amma ka kasa tashi ko ruwa ka sha. Har dokar nan tasu na haddace, cewa jami'in da ake tuhuma yana da haƙƙin wanda ya girme shi aƙalla da muƙami ɗaya ne zai yi masa tambaya. A zango na farko, Tony Gates, gwarzon jami'in da aka ba lambar yabo, da maganar karin kumallon da ya ci kyauta a wani gidan abinci aka fara jawo zarensa. Karin kumallo fa! Na daɗe ina jinjina wannan. Lindsay Denton kuwa, a zango na biyu, sau nawa na wanke ta na sake ɗaura mata laifi, ban san adadi ba. Kuma har yau ban ga kashin da ya kai ƙarshen zango na uku ba, inda Dot Cottan, baragurbin jami'in da ke cikin AC-12 ɗin kansa, yana tsakiyar shan tambayoyi ya tura saƙo ta waya, nan take aka buɗe wuta a ofis, ya arce, Kate ta bi shi da gudu.

To amma ba wannan ya kawo ni ba. Maganar "H" ce.

Tun zango na huɗu, a 2017, aka dasa mana cewa akwai wani babban jami'i da ke juya komai daga sama, wanda sunansa ya fara da harafin H. Cottan ne ya bar alamar yana gargarar mutuwa. A zango na biyar aka ce a'a, mutum huɗu yake nufi, an san uku, Cottan kansa da Hilton, mataimakin shugaban runduna, da lauya Gill Biggeloe, saura na huɗu. A cikin wannan rikici aka yi wa Maneet, 'yar sandar AC-12, yankan rago. A kan neman wannan mutum John Corbett, ɗan sandan da ya ɓad da kama ya shiga cikin gungun miyagu, ya rasa ransa, ya bar mata da 'ya'ya. Har Hastings aka sa muka riƙa zargi, dattijon da ya rasa aurensa da gidansa yana kwana a ɗakin otal. Ni da ƙanina mun yi musu har muka kusa ɓatawa, shi yana cewa Carmichael ce, babbar jami'ar da ta binciki Hastings, ni ina cewa Osborne ne, shugaban rundunar baki ɗaya.

Daren da zan kalli kashin ƙarshe na kashe waya, na ce kada kowa ya kira ni. Aka shigo da mutumin, kyamara tana ɓoye fuskarsa, zuciyata na dukan uku-uku. Aka nuna shi. Ian Buckells.

Wallahi sai da na tsayar da shirin na mayar baya, ko ban gani daidai ba. Buckells! Mutumin da tun zangon farko muke gani yana shirme, ba ya iya riƙe bincike, hankalinsa na kan sandunan wasan golf da ke ofishinsa. Kuma da me aka kama shi? Da kuskuren rubuta kalma ɗaya ta Turanci, wadda yake sa harafin "a" a inda "i" ya kamata, aka tono tsofaffin takardunsa aka ga haka yake rubuta ta tun da can. Shekara huɗu mutanen Birtaniya suna jiran wannan amsa. An ce mutum miliyan 12.8 ne suka zauna gaban talabijin a daren 2 ga Mayu, 2021. Ni da na jira mako uku kawai raina ya ɓaci haka, ina ga su? Na rufe kwamfuta na kwanta, barci ya ƙi zuwa. Da asuba na tura wa ƙanina saƙo na ce ya cuce ni.

Abin da ya ƙara min haushi shi ne yadda aka yi ta wasa da hankalinmu a zangon. Aka nuno mana hoton wani tsohon jami'i, Marcus Thurwell, da fuskar James Nesbitt, fitaccen ɗan wasa. Kowa ya ce shi ke nan, ga uban gayya. Ko kalma ɗaya bai furta ba, gawarsa aka tarar a Sifen. Wannan yaudara ce, ba gwaninta ba.

Bayan kwana biyu na sake kallon zaman tambayoyin Buckells, domin in tabbatar wa kaina cewa shirme ne. A nan ne abin ya fara sauka a raina ta wata fuska. Mutumin bai ce shi ne shugaba ba. Cewa ya yi shi saƙo kawai yake isarwa, manyan da ke gabansa suka kau ɗaya bayan ɗaya, wasu suka yi ritaya wasu suka mutu, aikin ya gangaro kansa. Kuma duk ɓarnar da ya yi, ana ɗauka rashin iya aiki ne, sai a ƙara masa girma a tura shi gaba. Sai na tuna wani da muka yi aiki tare shekaru, a wata ma'aikata da ba zan ambata ba. Fayil ya ɓace a hannunsa, a ce ai ka san halinsa, sakarai ne. Kuɗin aiki ya yi ɓatan dabo, a ce bai iya lissafi ba ne. Babu wanda ya taɓa kawo shi a rai, domin kowa ya raina shi, kuma kowane shugaba ya fi son irinsa a kusa, tunda ba ya tambaya. Muna nan ya wuce mu duka. Sai bayan ya bar wurin muka ji irin gidajen da ya gina. Ashe raina kama ka ga gayya. Da na tuna wannan sai na ce lallai Mercurio ya san abin da yake faɗa: ɓarna ba ta buƙatar mai wayo, wanda zai kau da kai ya sa hannu kawai take nema. Na kira ƙanina na ce na janye rabin maganata.

Rabi kawai na janye. Domin in haka marubucin yake nufi, me ya sa ya shafe zango uku yana kaɗa mana gangar dodo? Shi ya ƙirƙiro H, shi ya sa Cottan ya yi ta buga yatsa yana ba da alama yana gargarar mutuwa, shi ya koya mana mu riƙa zargin kowa. Ba ka tara jama'a da sunan za a fito da zaki, sannan ka fito da ɓera ka ce ai darasin ke nan. Da tun farko an bar zancen harafi, an tsaya kan yadda aka faro a zangon farko da na biyu, jami'i ɗaya, laifi ɗaya, yadda ƙaramar ƙarya ke haifar da babba, da babu wanda zai ji an yaudare shi.

Kuma Osborne ya fi tsaya min a wuya. Ku tuna yadda shirin ya buɗe: 'yan sandan yaƙi da ta'addanci suka faɗa gidan da ba shi ba, suka harbe Karim Ali yana riƙe da jaririnsa, Osborne ya tara yaransa ya ce kowa ya faɗi magana iri ɗaya. Steve ne kaɗai ya ƙi, shi ya sa ya koma AC-12. Bayan shekara tara, wannan Osborne ne shugaban runduna, yana tsaye gaban 'yan jarida yana cewa babu wata ɓarna da ta yi jijiya a cikinsu, 'yan tsiraru ne kawai. An tilasta wa Hastings ritaya, an haɗe sashen da wasu an rage masa ma'aikata, aka rubuta mana a allo cewa ƙarfin AC-12 bai taɓa yin rauni kamar yanzu ba. Jo Davidson, jami'ar da ta yi ta ɓata bincike a zango na shida, ta samu sabon suna da gida mai kyau har da kare. Matar Corbett ta samu kabari da ambulan ɗin kuɗi.

Na san haka duniya take, ba sai BBC ta gaya min ba. Amma na ba shirin nan darare 21, ina so ko sau ɗaya in ga an zaunar da Osborne a kujerar nan, rikoda ta yi ƙara, Hastings ya buɗe fayil. Ba a ba ni ba.

Wanda ya tambaye ni, ina cewa ya kalli zango na ɗaya zuwa na uku, zai gode min. Na huɗu ma ba laifi, Thandiwe Newton ta yi ƙoƙari ƙwarai. Daga nan kuma ruwansa. Wata abokiyar aikina ta fara makon jiya, jiya ta tare ni a bakin ofis tana cewa ita ta riga ta gano H, wai Hastings ne. Na ce mata ta ci gaba da kallo.