Hasken leza ko ƙwayar acyclovir: wanne ya fi ga ƙurajen herpes na al'aura?

Duka biyun ba sa raba mutum da cutar. Ƙwayar cutar herpes tana ɓuya cikin jijiyoyi, ta lafa, ta sake tasowa, shi ya sa mai cewa haske zai kashe ta gaba ɗaya ciniki kawai yake.

Maganin haske shi ne a haska leza mai ƙaramin ƙarfi kan ƙurajen don rage zafi da saurin bushewa. Yawancin gwajin da aka yi ƙanana ne, kuma kan ƙurajen leɓe aka yi su. Ga na'urar da tsada, tana son wuta, ga kunyar kwanciya a buɗe gaban mai haskawa sau da yawa. Mutumin ƙauyen Ringim ko Gwaram sai ya yi tattaki zuwa birni nemanta.

Acyclovir kuwa araha ce, ana samunta a kemis, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar shan ta kwana 10 a tasowar farko. Ta fi aiki in an fara sha da zarar an ji ƙaiƙayi, kafin ƙurji ya fashe. Ni dai ƙwayar maganin na zaɓa, bisa umarnin likita. Mai juna biyu kuma ta sanar da ma'aikaciyar awo tun da wuri, don jariri kan iya kamuwa wajen haihuwa.