Na je rigima shagon kwamfuta a Jamus, na dawo da kunya

Yau wata uku ke nan ƙanena yana damuna a WhatsApp, wai yaya ka faɗa min me zan canza a kwamfutata ta gem, tun ranar da ya ga hoton tawa a sitatus. To ga labarin, kai da sauran 'yan majalisa ku karanta, don ni kaina sai da na sha kunya kafin na koya.

Injin nawa tsohon hannu na saya shekarar da na zo Hamburg. Furosesa Ryzen 5 2600, madabod B450, RAM gig 8 sanda ɗaya tal, katin girafik GTX 1050 Ti mai gig 4, sai wani had dis mai gurnani kamar injin markaɗe. GTA V tana tafiya, amma da na sa FC 24 sai 'yan wasa suka koma tafiyar hawainiya, ka danna fasin sai ƙwallo ta yi shawara tukuna. Na ware yuro 400 daga aikin sito da nake yi, na ce ko sisi ba zan ƙara ba.

Da farko dai abin ya burge ni. Akwai wani shafi Geizhals, ka rubuta sunan kaya ya jero maka shagunan da ke da shi da farashin kowa, har da zanen yadda kuɗin ya hau ya sauka a watannin baya. Ba wani kira uku, ba "bari in tambayo maigida", ba kallon takalminka kafin a yanka maka kuɗi. A nan na gane ba sai na zubar da komai ba, don soket ɗin AM4, wato mazaunin furosesa da madabod ɗina ke da shi, yana ɗaukar har Ryzen 5000. In kuwa na ce sai sabon yayi AM5, to sai sabon madabod da RAM DDR5, kuɗin sun ƙare ke nan tun ban zo kan girafik ba, alhali girafik ita ce gem ɗin. Sai na tsaya a kan furosesa Ryzen 5 5600, na biya a wani ƙaramin shago kusa da unguwarmu.

Ga inda wayo ya ci ni. Don in rage asara sai na sa tsohon furosesan a Kleinanzeigen, shafin da ake sayar da tsofaffin kaya, wani yaro ya zo har ƙofar gida ya biya ya tafi, ko tayi bai yi ba. Da daddare na ɗaura sabon, na shafa man sanyi, na ɗaure fanka, na kunna. Fanka na juyawa, fitila na ci, allo baƙi ƙirin. Na kashe na kunna ya fi sau goma, na cire RAM na hura na mayar irin yadda muke yi wa katirijin gem muna yara, shiru. Nan take zuciyata ta ce an yi maka sakiyar da ba ruwa, sun ga baƙin fata sun ba ka matacce. Kuma kash, ran Asabar ne da dare, Lahadi a ƙasar nan ko allura ba ka samun shagon da zai sayar maka, haka na wuni ina tafasa ina haɗa jimlolin masifa da Jamusancina na koyo.

Litinin na zuba kwamfutar gaba ɗaya a shuɗiyar jakar IKEA, na rungume ta a jirgin ƙasa kamar mai kai mara lafiya asibiti. Ina shiga na dire ta a kan kanta, na ɗaga murya, na ce kayanku ba ya aiki, kuɗina nake so yanzu. Wallahi na shirya a ce min kaya in ya bar shago ya bar shago, na shirya a ce ni na ƙona shi, har na shirya wanda zan kira ya zo ya tsaya min. Dattijon da ke wurin bai ko ɗaga gira ba. Ya leƙa ciki, ya karanta sunan madabod, ya ce yaushe rabonka da sabunta BIOS? Na ce mene ne kuma haka. Ya yi ɗan murmushi, irin wanda ya fi zagi ciwo.

Ashe madabod ɗin ya girmi furosesan. An ƙera shi tun kafin a san za a yi 5600, wanda ya fito a 2022, don haka bai gane shi ba sai an sabunta masa BIOS, wato 'yar manhajar cikin madabod da ke tada kwamfuta, kuma ana sabuntawa ne da tsohon furosesa a ciki, wato wanda na sayar da hannuna shekaranjiya. Wasu madabod suna da ɗan maɓalli a baya da ake yi ba furosesa, nawa ba ya da shi. Mutumin nan ya buɗe aljihun tebur ya zaro wani tsohon Ryzen da yake ajiye don irinmu, ya sa, ya sabunta da filas, ya mayar da nawa, allo ya kawo. Minti ashirin. Na ce nawa ne, ya ce bar shi, ai a nan ka saya. Sannan ya ƙara da cewa in har yanzu kuɗinka kake so zan karɓa in ba ka, ko da yake doka ba ta tilasta ni ba tunda lafiyarsa lau kuma a shago ka saya. Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige.

Shi ya fahimtar da ni dokar tasu. Abin da ka saya a hannun 'yan kasuwa ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ko ba dalili, kawai ka ce ka fasa. Sabon kaya kuma in ya zo da aibi, shekara biyu mai shago na da alhaki a kansa. Shekara biyu fa! Na tuna laftof ɗin da na taɓa saya a gida, a wani shago da ba zan faɗa ba, aka rantse min da Allah sabuwa ce dal daga Landan, kwana huɗu batir ya kumbura, na koma aka nuna min ƙasan rasit. Mu fa matsalarmu ba talauci kaɗai ba ne, mun mayar da ciniki kokawa, mai saye na ganin za a cuce shi, mai sayarwa na ganin in bai cuta ba shi aka cuta, kuma da wannan zuciyar na tsallako teku na je ina yi wa dattijon mutane ihu.

Abin da ya ƙarasa kashe min jiki, na ce to tunda na zo a ba ni sabon madabod mai kyau, ya ce a'a, naka ya isa, kai kuɗin kan girafik. Mai shago da bakinsa yana hana ka saye. Ya ce girafik RX 6600 mai gig 8 ta wadatar da allon 1080p, wutarta ma ba ta kai wat 140 ba. RAM kuma ya ce in sayi sanda biyu iri ɗaya, 8 da 8 DDR4 3200, in sa a rami na biyu da na huɗu, don Ryzen da sanda ɗaya kamar mai gudu da ƙafa ɗaya ne. Ya nuna fawa saflai ɗina mara suna ya girgiza kai, 1050 Ti ɗin ba ta buƙatar waya ta daban shi ya sa na tsira, sabuwar kuwa sai an ba ta mai fil 8, ya ce nemi wat 550 mai tambarin 80 Plus na kamfanin da aka sani. Girafik ɗin tsohon hannu na saya don kuɗin su kai, kuma ku kula, tun da Ethereum, wani kuɗin kirifto, ta daina haƙo da katin girafik a Satumban 2022 kasuwa ta cika da waɗanda suka yi shekaru suna aiki dare da rana, mai sayarwa da ba ɗan kasuwa ba kuma yana iya rubuta ba garanti, doka ta yarje masa. Sai da na zauna a falon mutumin muka kunna gem rabin awa ina kallon zafinta kafin na miƙa kuɗi. SSD ƙarami na NVMe ne ƙarshe, shi ne ya kashe gurnanin nan.

Kada ku zata aljanna ce. Wuta ba ta ɗaukewa, gaskiya ne, amma yunit ɗaya, wato kilowat na awa guda, ya haura santi 30, kana buga gem kana jin mita a ƙirjinka. Kibod ɗinsu kuma sun musanya Y da Z, ka zo rubuta "yanzu" ka ga "zanyu", har yau ina zagin abin. Ba tayi, ba "Alhaji ƙara wani abu", ba gyara, ba a ma kawo maka ruwan leda. Kuma ga inji yana tashi kamar jirgi amma ni kaɗai a ɗaki, sai wani ɗan Zangon Kumasi da ke leƙowa wata Lahadin. Ina ma shagon gem ɗin bakin layinmu, janareto na ihu, mutum goma a kan benci ɗaya, wanda aka ci ya miƙa hannu ana yi masa tsiya.

Kai kuma ƙanena, kafin ka ce in aiko maka da girafik, fara sayen UPS ko aƙalla sitabilaiza, wutar gida za ta gasa maka ita a sati guda, ka kuma riƙa buɗe akwatin kana kaɗe ƙura, musamman in hunturu ya shigo. Ɗauko hoton madabod ɗinka ka turo min in ga sunansa, kuma don Allah kada ka sayar da tsohon furosesa sai sabon ya kawo hoto.