Rufin tsohon gida: dogon alminiyon ko kwano mai tsakuwa?

Malam, tunda ka ce gidan tsohon gini ne kuma rufinsa a kwance yake, sa dogon alminiyon mai kaurin milimita 0.55 ka huta. Mai tsakuwar nan ka bar wa masu sabon gini.

Gidan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da ke Tudun Wada a Kaduna irin naka ne. Kwanon farko ya yi tsatsa har ya koma ja, duk watan Agusta sai Hajiya ta jera bokitai da roba a falo tana tarar yoyo. Da muka tashi gyara, aka auna rufin, aka yanko mana kowane falle tun daga ƙololuwa har baki, babu haɗi a tsakiya. Yoyo kuwa daga haɗi da ramin ƙusa yake farawa. Damina bakwai ke nan ko ɗigo ba mu gani ba. Ranar da aka yi ruwan farko bayan aikin, Hajiya ta zauna a falo har aka ɗauke, tana ta sa mana albarka. Alminiyon ba ya tsatsa, ga shi ba nauyi, abin da tsohon bango yake so ke nan. Yana da ƙara in ana ruwa, amma silin mai kyau yana rage ta sosai.

Mai tsakuwa yana da kyan gani, ba ya ƙara, na yarda. Amma ya fi nauyi, faifansa gajeru ne, yana cin katako da ƙusa, kuma yana son rufi mai tsayi. In ka zaɓe shi sai ka sauke katakon duka, wataƙila ka ƙara bulo, daga nan kuma maganar izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, ta shigo tunda ka taɓa fasalin gini. Ni na sa shi a ɗakin baƙi, wani ya haɗa ni da jabu, kafin damina biyu tsakuwar ta wanke ta taru a kwata. Har yau abin yana min ciwo.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayarwa. Wasu za su rubuta maka 0.55 a rasit su kawo 0.45 ko ƙasa da haka, ido kuma ba ya bambancewa. Ka je da kanka da ƙaramin ma'aunin kauri, a auna a gabanka kafin a yanka, in an sauke a gida ka sake aunawa. Ka zaga kasuwar Panteka ka ji farashi wuri uku zuwa huɗu, wanda ya yi araha fiye da kima ka wuce shi. Kada ka ba kafinta kuɗin kaya ya sayo shi kaɗai.

Kafin kwano ma, a hau a duba katako. Gara tana cinye cikinsa ta bar bawo, sai ka soka ƙusa ka ga ta shige. Duk wanda ya ruɓe a cire, sabon a shafa masa maganin gara. A ɗaure katakon da ƙarfe a jikin bango da kyau, domin iskar farkon damina a Kaduna, wajen Afrilu da Mayu, ita ce ke yaye rufi, kuma mara nauyi ta fi samu. In silin ɗin tsohon asbestos ne, a jiƙa shi kafin a cire, kada a farfasa, masu aiki su rufe hanci, yara su bar gidan ranar. Ƙurarsa tana lalata huhu.

Ka fara aikin daga Nuwamba, lokacin ruwa ya ɗauke, ka gama kafin ƙarshen Maris. Allah ya sa a gama lafiya.