Saƙo daga Holan: Jan Fata da Ƙyauren Zuciya

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, ga bayanin da ka nema a kan aikin da nake yi a birnin Eindhoven, da yadda kayan nan suke idan aka gwada su da namu na gida.

A ɗakin binciken da nake aiki muna raino nama ne daga ƙwayoyin halittar ɗan Adam, da burin a samu ƙyauren zuciya mai rai, wato bawul ɗin da ke buɗewa ya rufe kimanin sau 100,000 a rana. Ƙarfin wannan nama yana cikin zaruruwan da ake kira kolajin, su ne kuwa zaruruwan da ke cikin fatar da kuke jemewa a Majema. Abin da ya ba ni mamaki tun zuwana shi ne, zaruruwan suna bin hanyar da aka ja su. Idan muka kame ɗan naman ta gefe biyu, bayan makonni za a ga sun jeru reras daga wannan maɗauri zuwa wancan. Idan kuma aka kame shi ta gefe huɗu, sai su tashi a warwatse. Haka nan zaren da ke cikin ja ya fi jure wa sinadaran jiki masu narkar da kolajin, shi ya sa na gefen da ake ja yake wanzuwa, sauran su ragu. Ranar da na fara ganin haka a madubin ƙara girma, na tuna yadda kake kafa ɗanyar fata da turaku kana cewa kada a fi jan gefe ɗaya.

Inda suka yi mana nisa shi ne kayan aiki. Injin yana jan naman yana saki kusan sau ɗaya kowane sakan, dare da rana, har mako huɗu, a cikin akwatin da zafinsa ba ya barin digiri 37. Da a ce wuta za ta ɗauke na yini guda, da aikin wata ya lalace, amma ban taɓa ganin an tayar da janareto ba. Duk da haka aikin bai kammala ba, domin ƙwayoyin suna ci gaba da jan naman har ya takure, ƙyauren ya kasa rufewa sosai.

Abin da ake saka wa marasa lafiya a yanzu iri biyu ne. Akwai na tantanin zuciyar saniya, wanda ake jemewa da wani sinadari kamar yadda kuke yi da bagaruwa, sai dai yakan ƙandare da wuri a jikin matasa. Akwai kuma na ƙarfe, wanda ke daɗewa amma mai shi zai sha maganin hana daskarewar jini muddin ransa. A nan akwai ofisoshi na musamman masu bibiyar gwajin jininsu, wasu ma a gida suke tsira yatsa su auna da kansu, kuma inshorar lafiya dole ce, babba yana biyan Yuro 385 na farko a shekara daga aljihunsa. A wajenmu kuwa, yaron da ciwon maƙogwaro ya lalata wa zuciya, ko an samu an yi masa aiki, sai iyayensa sun riƙa tara kuɗin mota da na gwaji. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin irin waɗannan yara ne suka fi bukatar ƙyauren da zai girma tare da su.

Don Allah ka sa a ɗauko mini hoton fata a kafe. Abokan aikina suna son su ga yadda kake jera turakun.