Rubuta abinci kullum ko hawa sikeli: wanne za ki riƙe bayan kin rage ƙiba?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Tunda kin ce kilo 9 kika zubar cikin wata shida ta hanyar rubuta duk abin da kika ci a manhajar waya, kuma yanzu rubutun ya ishe ki, ga shawarata kai tsaye: ki yaye kanki daga rubutun a hankali cikin wata biyu zuwa uku, ki bar wa sikeli da tef ɗin tela aikin gadi. In kuwa da sauran kilo da kike son saukewa, to rubutu bai gama aikinsa ba, ki daure ki ci gaba.

Lokacin rage ƙiba, rubutu ya fi komai. A wani bincike da cibiyar Kaiser Permanente ta Amurka ta fitar a 2008, an bi mutum kusan 1,700 na tsawon wata shida, sai aka tarar waɗanda ke rubuta abincinsu kullum sun rage ninki biyu na abin da marasa rubutu suka rage. Dalilin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Mutum ba ya tuna abin da ya ci daidai. A 1992 an gwada wani ƙaramin rukuni a birnin New York, masu cewa ba sa cin abin kirki amma jikinsu ya ƙi sauka, da aka auna su da kyau sai ga shi abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin ɗari. Ba ƙarya suke yi da gangan ba. Ɗanɗanon miya a bakin tukunya, ragowar taliyar yaro da aka ƙi zubarwa, ƙosai biyu a tsaye, duk ba sa shiga lissafin zuci.

Sai dai rubutun yana da wurin da yake yaudarar mai cin abincin gida irin namu, kuma yawancin masu cewa sun rubuta bai yi musu aiki ba a nan suka zame. Manhajoji irin su MyFitnessPal jama'a ne ke cusa musu yawancin bayanan abinci. Ki nemi tuwon shinkafa ko miyar kuka, za ki ga lambobi barkatai, ba wanda ya gaya miki girman malmalar da aka auna, balle yawan man da aka zuba. Hanyar da ta fi ita ce ki lissafa tukunyar gidanki da kanki, sau ɗaya, ki adana. Giram 100 na ɗanyen garin masara ko ɗanyar shinkafa yana da kalori (awon kuzarin da abinci ke bai wa jiki) wajen 360. In kin tuƙa kilo ɗaya ya ba ki malmala goma, kowace malmala 360 ke nan. In takwas ya bayar, kowace ta koma 450. Ki kula da bambancin ɗanye da dafaffe: giram 100 na dafaffiyar shinkafa kalori wajen 130 ne kawai, saboda ruwan da ta sha. Wadda ta auna ɗanye ta zaɓi dafaffe a manhaja ta ɓatar da kusan kashi biyu cikin uku na lissafinta.

Mai shi ne babban ɓarawo. Kowane giram na mai kalori 9 ne, alhali sitaci da furotin 4 ne. Cokalin cin abinci ɗaya na manja ko man gyaɗa wajen 120. Gwangwanin madara ɗaya cike da mai ya haura 1,200, wato in mutum shida za su sha miyar, kowa ya kwashi sama da 200 tun bai taɓa tuwo ba. Ki tsaya kusa da mai dafa wake da shinkafa ki ga yadda ake karkata kwalbar mai a kan faranti, ba cokali ba awo, har sai ya taru a gefe ana dangwalawa. Wannan karkatawar kaɗai tana iya kai cokali uku. Haka gyaɗa soyayya: cikin tafin hannu ɗaya, giram 30, wajen 170. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi tara. Zoɓo da kunun aya da fura da nono kuwa, ya danganta da hannun mai zuba sukari, shi ya sa wanda aka haɗa a gida ya fi sauƙin lissafi. Mai son lambobi masu tushe na gero, dawa, wake, kuɓewa da sauran cimarmu, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana da kundin sinadaran abincin Afirka ta Yamma, wanda ta sabunta a 2019.

To amma bayan wata shida kin riga kin san duk wannan. Hausawa suka ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma naki idon yanzu ya sha horo. Ribar rubutu ke nan ta gaske, kin kuma riga kin karɓa. Ci gaba da shi kullum har shekaru yana aiki ga wasu, ba na musu. Wani bincike na Jami'ar Vermont a 2019 ya nuna lokacin da yake ci yakan ragu daga minti 23 a rana a watan farko zuwa ƙasa da 15 a wata na shida, don haka ba wani dogon aiki ba ne. Amma ga wadda ta ce ya ishe ta, ƙarshensa sananne ne: rubutu rabi da rabi, a rubuta karin kumallo a tsallake cin dare, a rubuta Litinin a manta da bikin Asabar. Irin wannan ya fi rashin rubutu illa, domin manhaja za ta riƙa nuna miki kina kan hanya alhali zani yana matsewa.

Masu cewa ki watsar da komai ki bi abin da cikinki ya gaya miki, su ma ban bi su ba, aƙalla ba yanzu ba. Jikin da ya rage nauyi yana neman komawa inda ya fito. Lissafin da wani mai bincike a Amurka, Kevin Hall, da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ya nuna kowane kilo da mutum ya zubar yana ƙara masa sha'awar ci da kusan kalori 100 a rana, jiki kuma yana rage abin da yake ƙonawa da 20 zuwa 30 kan kowane kilo. Ke da kika sauke kilo 9, abin da jikinki ke ƙonawa ya ragu da wajen 180 zuwa 270 a rana, yunwa kuma ta ƙaru. Cikin da ke wannan hali ba abin amincewa ba ne shi kaɗai.

Shi ya sa na fi son sikeli da tef. Aikin minti ɗaya ne, ba ya hana ki sa hannu a tire ɗaya da iyalinki, ba ya sa ki ciro waya a gidan suna kina ƙirga waina. Ba ruwansa da ko kin manta da cokalin mai, domin sakamakon yake gani. A Amurka akwai rajistar mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da ɗoriya suka kuma riƙe shi sama da shekara, wadda wasu masu bincike biyu, Rena Wing da James Hill, suka kafa a 1994. Kashi 75 cikin ɗari na mutanen cikinta suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako. Ita Wing ɗin ta kuma gwada wani tsari a kan mutum 314 da suka riga suka rage ƙiba, aka buga sakamakon a 2006: a hau sikeli kullum, in ƙarin bai kai kilo 1.4 ba a ci gaba da harka, in ya wuce haka a gyara hannu, in ya kai wajen kilo 2.3 a koma tsarin ragewa gadan-gadan. Waɗanda suka bi wannan sun fi sauran riƙe nauyinsu.

Ga yadda za ki yi sauyin. Da farko kada ki daina rubutu ranar da kika daina ragewa, nan ne wuri mafi santsi. Ki ƙara wa abincinki kalori 100 a rana, ki zauna a kai mako guda, ki sake ƙara 100, har sai matsakaicin nauyinki na mako ya tsaya cak, ba hawa ba sauka. Wannan ne abincin da zai riƙe ki, kuma ki rubuta shi mako huɗu zuwa shida don idonki ya saba da sabon awon. Daga nan ki koma rubuta kwana uku a mako, ki tabbata Juma'a ko Asabar na ciki, don a nan ake ɓarna. Bayan wata guda ki koma mako ɗaya a kowane wata. In wata biyu suka wuce nauyi bai motsa ba, ki ajiye manhajar. Kafin ki ajiye, ki ware kwano ɗaya da ludayi ɗaya da cokali ɗaya waɗanda kin san awonsu, su zama naki. In tire ɗaya ake ci a gidan, ki ɗebi rabonki a kwanon tukuna.

Hawa sikeli ma yana da ƙa'ida. Da safe, bayan kin fito daga bayi, kafin ki ci ko ki sha, da kaya marasa nauyi, a kan siminti ko tayil. Kafet da tabarma suna karkatar da awo. Sau uku a mako ya wadatar, kullum ya fi in ba zai dame ki ba. Kada ki yanke hukunci da awon rana ɗaya: ki tara na mako ki raba, ki kwatanta mako da mako. Nauyi yana iya yin sama da ƙasa da kilo ɗaya ko biyu cikin kwana guda saboda gishiri da dunƙule, rashin bahaya, ko gabatowar al'ada. Ko cin tuwo da yawa a dare ɗaya yana ɗaga sikeli, domin kowane giram na sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe ruwa wajen giram 3. Kilo ɗaya na kitse kuwa sai an tara rarar kalori kusan 7,700, ba abin kwana ɗaya ba ne. Tef kuma sau biyu a wata: ki zagaya shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, bayan kin saki numfashi, ba tare da kin shanye ciki ba. Abin nema shi ne awon ya kasance ƙasa da rabin tsawonki. Mai tsawon santimita 160, kada ya kai 80.

Sai ki ja wa kanki layi tun yau, ki rubuta shi a takarda: kilo 2 sama da nauyinki na yanzu. Duk ranar da matsakaicin mako biyu a jere ya tsallake shi, ki koma rubutu cikakke da sikelin kicin na mako biyu, ba jira sai bayan biki. Galibi cikin kwana uku za ki ga inda ɓarakar take, kuma kusan kullum ɗaya ce cikin uku: mai, abin sha mai zaƙi, ko malmala ta ƙara girma ba ki lura ba. Azumi da babbar Sallah kuwa, ko ba ki tsallake layi ba ki rubuta makon farko na buɗa baki da makon cin nama, don soye-soye da kunu mai sukari suna iya cinye duk abin da yinin azumi ya rage.

Akwai waɗanda wannan shawarar ba tasu ba ce. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin, lissafin sitacinta ɓangare ne na magani, ba za ta ajiye shi ba sai da likitanta. Mai ciki da mai shayarwa da yarinyar da ba ta kai 18 ba, kada su shiga ƙirgar kalori da kansu. Wadda kuma ta ga lissafin ya fara hana ta barci, tana jin laifi in ta ci lomar da ba ta rubuta ba, tana ƙin cin abincin da ba ta auna ba, ko tana rama ci da yunwar kwana guda, ta daina rubutun da hawa sikelin gaba ɗaya ta nemi likita. Wannan ya wuce batun ƙiba.

Ba ki tambaya ba, amma tunda kin faɗi adadin kilon da kika rage a fili, ki shirya ganin saƙonni ta bayan fage. Masu shayin rage tumbi da jiƙo da ƙwayoyi za su ce miki da nasu ba sai kin rubuta komai ba. Yawancin irin shayin nan ganyen filasko ne ko wani abin sa gudawa da fitsari. Ruwa ne ke fita, sikeli ya sauka kwana biyu ya dawo, hanji kuma ya saba da sai an tura shi. Mafi muni, an sha kama kayan rage ƙiba da ake cewa na ganye ne zalla an cusa musu sibutramine, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Duk abin da ba shi da lambar NAFDAC da jerin abin da ke ciki, kada ya shiga bakinki, kuma lambar ma ana buga ta jabu, sai an duba. Hoton "da" da "yanzu" ba hujja ba ne, ɗamarar matse ciki kuma ba ta narkar da kitse.

Wajen sayen sikeli ma a yi hattara. Kada ki biya kuɗi mai yawa don an ce yana auna kitse da ruwan jiki, lambobin nan suna canzawa da kofin ruwa ɗaya. Mai nuna lamba na talaka ya isa. Ki hau sau uku a jere a gaban mai shago, in ya ba ki lamba uku mabambanta ki ajiye masa kayansa. Na kicin kuma ki ɗora masa ledar fiya wata mai santilita 50, ya kamata ya nuna wajen giram 500. In ya yi nisa da haka, ki nemi wani.