Allon shiga kwamfuta: abin da ya kamata a duba a wurin zaɓi kafin a yanke shawara

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, masu ƙananan ofisoshi daga cikin Hausawan Makka da Jidda, musamman masu buga takardu da masu hidimar alhazai, suka shiga neman mafita ga tsofaffin kwamfutocinsu waɗanda Windows 11 ba ya karɓa. Wasu sun koma Linux, wani tsarin gudanar da kwamfuta da ake sakawa a madadin Windows, kuma a can aka fara tambayata wane allon shiga ya fi kyau, wato allon da ake rubuta kalmar sirri kafin a shiga kwamfutar. Ni abin da nake dubawa da farko shi ne shafin da ake sauya kamannin allon: shin yana nuna maka abin da ka zaɓa kafin ka tabbatar, ko sai ka fita daga asusunka sannan ka gani?

Hanyoyin zaɓi iri uku ake cin karo da su. Akwai jerin sunaye mai saukowa idan an danna, akwai ƙananan hotuna da aka jera, sai kuma maɓallin kunnawa da kashewa. Jerin sunaye ba ya cin fili, amma suna kawai yake ba ka, kuma sunan jigo, wato salon adon allon, ba ya gaya wa kowa ko rubutun zai fito fili a idon dattijo mai shekara sittin. Hotuna sun fi shi gaskiya, ko da yake a ƙaramin allo sai ka ƙura ido kafin ka gane wanda aka yi wa alama.

SDDM, allon shigar da aka saba haɗawa da KDE Plasma (ɗaya daga cikin fuskokin aiki na Linux), shi ne ya fi kowa sakin hannu. A cikin saitin tsarin akwai shafinsa na musamman inda jigogi ke jere da hotunansu, kana iya sauya hoton baya, kana iya ɗauko sabbi daga intanet, sannan akwai maɓallin da ke kwafar haruffa da launukan da kake amfani da su zuwa allon shiga. Yana neman kalmar sirrin mai kula da kwamfutar kafin ya zartar, kuma wannan kariya ce a ofishin da hannaye da yawa ke taɓa na'ura ɗaya. Sai dai sakin hannun nan yana da farashi. Jigogin SDDM ƙananan manhajoji ne da aka rubuta da harshen shirya manhaja mai suna QML, kowane mai zane yana ajiye maɓallansa inda ya ga dama, har wani ma yakan bar maɓallin sauya harshen madannai gaba ɗaya. Hoton da ke shafin zaɓi ba zai faɗa maka haka ba, domin mai zanen ne ya ɗauke shi. Bayan fitowar Plasma 6 a Fabrairun 2024 kuma, wasu tsofaffin jigogi sun daina aiki yadda ya kamata. Saboda haka nake ba da shawarar a tsaya a kan Breeze, jigon da ya zo da tsarin, a sauya hoton baya kawai.

Batun harshen madannai ne ya fi damuna, domin a nan Saudiyya yawancin madannan da ake sayarwa suna ɗauke da haruffan Larabci da na Turanci a tare. Na taɓa ɓata kusan rabin yini a wani ofishi a unguwar Misfala ta Makka, mai wurin yana rantsuwa cewa bai manta kalmar sirrinsa ba, kuma gaskiyarsa ce: madannan na kan Larabci, akwatin kuma ɗige-ɗige kawai yake nunawa, jigon da ɗansa ya saka saboda kyawunsa ba shi da alamar harshe ko ɗaya. Wanda ya ƙara tsarin madannan Hausa don rubuta ƙ da ɗ da ɓ, harsunansa sun zama uku ke nan, kuma gara kada ya saka waɗannan haruffa a kalmar sirri.

LightDM, allon shigar da Ubuntu (wani nau'in Linux) ya yi amfani da shi daga 2011 zuwa 2017, yana nan a wani nau'in mai suna Linux Mint. Manhajar saitinsa a Mint ba ta da ado, jigo da gumaka ana zaɓarsu ne daga jerin sunaye, ba za ka ga sakamakon ba sai ka fita. Amma tana da maɓallan kunnawa da kashewa ga abubuwan da ofis ke buƙata: nuna harshen madannai, nuna agogo da batir, ɓoye sunayen masu asusu, da shigar baƙo. Kowane maɓalli magana ɗaya yake yi, ko a kunne ko a kashe, don haka ko wanda Turancinsa kaɗan ne zai gane matsayinsa da kallo ɗaya. Ga tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi, wannan nake saka wa mutane.

GDM, allon shiga na fuskar aikin GNOME, wanda Ubuntu ya koma kansa a fitowarsa ta 17.10 a 2017, bai ba da shafin zaɓen jigo ba kwata-kwata, sai an nemi wata manhaja daga waje. Abin da ya rama da shi shi ne menun taimako, inda ake ƙara girman rubutu ko a kira madannai na kan allo. Ga mai raunin gani, wannan ya fi hoton baya amfani. Aibinsa shi ne alamar zaɓen irin fuskar aikin da za a shiga ƙarama ce a kusurwar ƙasa, kuma ba ta bayyana sai an danna sunan mai asusu.

Kafin a ɗora ko wanne a kan kwamfutar aiki, a gwada shi a kan wadda ba a dogara da ita ba. A saka Larabci da Turanci, a sauya jigo sau ɗaya, a fita, sannan a ba wa wanda ya fi kowa shekaru a ofishin ya shiga da kansa ba tare da an nuna masa komai ba. Idan ya ga alamar harshe ya sauya ta da hannunsa, wannan tsarin ya isa a saka wa sauran kwamfutocin.